Gilashin Rufin Asiri

"To ka buɗe idon mana! Ido ne ko bakin jaka da aka zuge?"

"A buɗe yake, Yarinya. Hannunki ne yake rawa."

"Hannuna ne yake rawa? Hannun da yake maka wanki da guga tun kana da gashi a ka? Sunkuya!"

Mai Hoto ya sake sunkuyawa a kan teburin cin abinci, inda aka shimfiɗa madubi a kwance, hancinsa ya kusa taɓa shi. Matarsa ta ɗage fatar idonsa ta sama da yatsa, shi ya ja ta ƙasa, sannan ta ɗago ɗan robar nan mai kamar kan mazurari da suka cika da ruwan gishirin asibiti. Saura ƙiris ruwan ya taɓa ƙwayar ido sai ido ya rufe ruf. Ruwa ya bi gemu ya sauka a wuyan riga.

"Ka gani ko? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana daka wa jama'a tsawa, kar a ƙifta, kar a ƙifta! Ko jarirai ba ka ƙyale ba. Yau an ce ka riƙe naka na ɗan lokaci, ka kasa."

"Su haske kawai nake watsa musu. Ni abu za a cusa min."

"Sai ka faɗa wa likita haka. Tashi ka canza riga, kar mu rasa mota."

Wannan fa duk gwaji ne. Ainihin gilashin da za a liƙa masa a cikin ido yana can asibiti yana jiransa, kuma likita ta rantse ba za ta ba shi ya tafi da shi ba sai ya saka da hannunsa a gabanta. Makullin shagon hotonsa kuwa yana cikin jakar matarsa. Sun gama magana da autarsu: in yau ya dawo ba gilashi a ido, makulli zai tafi hannun auta, ita kuma tana da wani mai sayar da kayan waya da ya daɗe yana leƙen shagon.

Duk wanda ya tashi a layin nan ya san Mai Hoto da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Matar ce ta sa masa Ido Huɗu tun suna saurayi da budurwa, har yau kuma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Tabaran nan ya dame shi, kullum yana karo da kyamara, in gumi ya zo ya yi hazo. Da aka shigo da aikin gyaran ido na lesa, aka ce a ɗan kwanta a tashi da sabon ido, yana cikin na farkon da suka kai kansu. Ya dawo ya jefa tabarau a aljihun tebur, ya sayi baƙin gilashi irin na 'yan gayu, yana tafe yana ɗaga kai. Masu magana sun ce ba don kyamara ya yi ba, wai wata mai shagon turare ce ta ce masa ashe yana da idanu masu kyau. Mu dai ba mu ji da kunnenmu ba. Amma tun daga lokacin matarsa ta canza wurin sayen turare.

Ya sha shekaru yana cin duniyarsa da ido biyu. Sai fitilun titi suka fara yin jela. Wata ya zama wata uku, ɗaya a kan ɗaya kamar an jera faranti. Ya koma tabarau, a canza masa yau, kafin a jima ya ce wannan ma ya daina yi. A ƙarshe wata likitar ido, yarinya ce sa'ar autarsu, ta sa shi a gaban na'ura ta nuna musu hoton idonsa ja da kore. Ta ce ciwon sunansa keratokonas. Tantanin gaban ido, wanda haske yake ratsawa, ya yi siriri bayan aikin, ya turo gaba ya yi tsini, shi ya sa haske yake watsewa. Ta ce wani idon tun asali ba shi da kaurin da zai jure aikin, a da kuma ba kullum ake ganewa ba. Matarsa ta kasa riƙe sunan, ta ce ciwon tsini, haka kuma ya bi layin.

An yi masa wani aiki da ɗigon magani da haske, abin ya tsaya bai ƙaru ba, amma ganin da ya tafi bai dawo ba. Aka shiga neman gilashin cikin ido. Aka fara da mai laushi, ya kwanta ya bi tsinin, kamar ba a sa komai ba. Aka ba shi ɗan ƙarami mai tauri, ya ga duniya na ɗan lokaci, sai dai abin ba ya zama. Ranar da aka kira shi ɗaukar hoton ma'aikatan wani ofis, ya jera su, ya ce kar a ƙifta, shi ya ƙifta, gilashi ya yi tsalle. Manaja da sakatare da kowa, da kwat da takalman fita, suka durƙusa suna lalube a kan kafet. Can aka gan shi maƙale a gemunsa. Ya ce shi da gilashin cikin ido har abada.

Ya ci gaba da aiki a haka, da taurin kai, ga shi ba ya yarda kyamara ta saita kanta, sai dai shi ya murza da hannu. Hotunan yaran wata makaranta suka fito kamar an ɗauke su ta bayan labule, iyaye suka yi ta ƙorafi. Bayan nan ya kuskure matakalar ƙofar shago ya faɗi ya fasa gwiwa. Ranar matarsa ta zare makulli daga ƙofa ta jefa a jaka. Wannan gilashin na yau, babba mai tauri da ake cika shi da ruwa, shi ne na ƙarshe da likita ta ce ya rage.

Hanyar tashar mota ta gaban shagon take bi. Ya rage tafiya, ya shafi kwaɗon da tafin hannu kamar mai gaida mara lafiya.

"Ba guduwa zai yi ba," in ji ta. "Mu je."

Amma ita ma ta saci kallon ƙofar. A shagon nan suka haɗu. Ta zo hoton neman shiga makarantar koyon buga takardu, ya zaunar da ita a kan kujera mara majingina, ya ce, "Yarinya, dubi nan, kar ki ƙifta." Da ta dawo karɓa ya ce ai ta ƙifta, sai an sake. Aka sake, ya ce ta kuma ƙiftawa. Sai da ta yi ta zarya kafin ta gane ko sau ɗaya ba ta ƙifta ba. Makarantar dai ba a shiga ba, sunan Yarinya kuma ya bi ta har ta yi jikoki.

Bayan aure ita ce mai riƙe shagon tare da shi. Ita take gyara wa mata ɗaurin kai, ta ara wa samari kwat da taye da ke rataye a ƙusa, ta kaɗa wa jarirai makulli su dubi kyamara. Kuma ita ce mai kula da gwangwanin alewa. A cikinsa akwai wani farin gilashi zagayayye da Mai Hoto yake shafa wa basilin kaɗan a gefe-gefe ya ɗaura a bakin kyamara. Duk fuskar da aka ɗauka ta cikinsa sai ta fito sumul, ba tamoji ba ramin ido. Su biyu suke ce masa gilashin rufin asiri. In mace ta shigo, matar ce take auna ta da ido. In ta ga shekaru sun ja, sai ta yi ɗan tari, ta jawo aljihun tebur, murfin gwangwani ya ce ƙwas. Mata da yawa a layin nan suna nuna hotunansu suna cewa hannun Mai Hoto daban ne. Wasunmu mun san sirrin, mun dai yi shiru, don mu ma an yi mana tari.

A cikin mota ya zauna ta taga yana runtse ido. Rubutun allunan shaguna duk sun hau juna. Ya juyo ya dube ta, ya yi murmushin nan nasa.

"Yarinya, ke dai ba kya tsufa. Kullum kamar ranar da kika zo hoto."

"Gyara ƙafarka, mutane za su wuce."

Kullum sai ya faɗi wannan maganar tun da idon ya lalace, kullum kuma sai ta share. Amma a shekarun nan ne ta daina rina gashi, ta daina tsayawa gaban madubi kafin ta kawo masa shayi. Wata maƙwabciya da katangarsu ɗaya ta ce, a duk gwajin nan da ake yi a kan tebur, ba ta taɓa jin matar ta lallashe shi ba, sai faɗa, kamar mai so abin ya ƙi. Allah dai ya san zuciya.

A asibiti suka zauna a dogon benci tare da masu auduga a ido da masu jan hannun tsofaffi. Da layi ya zo kansu, likita ta tarbe su da fara'a.

"Baba, an yi gwajin da na ce?"

"An yi, 'yata."

"An yi wanka dai," in ji matar. "Riga nawa na shanya."

Likita ta yi dariya ta buɗe ɗan akwati. Gilashin ya fi wancan na da faɗi, kamar ɗan ƙaramin kwano. Ranar da aka auna shi sai da aka ɗiga masa maganin kashe zafi, mutum biyu suka riƙe fatar idon, na gwajin kuma ba ƙarfin idonsa ba ne, bai ga abin kirki ba. Wannan nasa ne, an yanka shi daidai idonsa.

"Ka ga, Baba, ba ya taɓa tsinin ko kaɗan. A kan farin ido yake zama, ruwan da ke ciki shi yake cike ramuka, haske ya shiga a miƙe. Shi ya sa dole ka kifa fuska sosai, in ka ɗaga ruwan zai zube. In kumfa ta shiga, sai a cire a sake."

Ya wanke hannu, ya ɗora gilashin a kan robar, likita ta cika shi har ya yi tozo. Ya sunkuya a kan madubi. Hannu ya taho, ya taho, ido ya rufe. Gilashi ya faɗa kan tawul. Aka wanke, aka cika, aka sake. Wannan karon ya shiga rabi, ya karkace, ruwan ya tsiyaye. Na gaba ya zauna, amma da kumfa a tsakiya kamar idon kifi, likita ta sa ɗan robar cirewa ta zare shi. Idon ya yi ja. Ma'aikaciyar asibiti ta leƙo ta ce akwai mutane a waje.

"Baba, ko mu bari sai wani zuwan? Wasu sai sun yi ta dawowa."

"Babu wani zuwan, 'yata." Ya ajiye robar. Ruwa yana ɗiga daga gemu, ba ka ce ga na asibiti ga nasa ba. Bai juya ba ya ce, "Yarinya, kira auta. Ki ce ta zo ta karɓa."

Matar ta tsaya riƙe da jaka a ƙirji. Ta san shi da tsawa da taurin kai da cika baki. Wannan muryar ba ta san ta ba.

"Likita," ta ce, "me masu irin wannan tsoron suke yi?"

"Wasu suna sa wani abu a kan madubin su kafa masa ɗayan idon. In hankali ya tafi can, wannan sai ya manta."

Ba ta tambaye shi ba, ta zura hannu a aljihun rigarsa ta zaro walat. Ta san abin da ke ciki sarai, ba yau ta fara bincike ba. Daga bayan katin asibiti ta ciro ɗan hoto baƙi da fari, gefensa ya cinye: yarinya mai dogon wuya, ido a buɗe tar, tana danne dariya. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ce ta ƙifta. Ta ɗora shi a kan madubi.

"Ai ba na gani," in ji shi.

"Ka san abin da ke ciki. Ɗauki abinka. Sunkuya."

Likita ta sake cika gilashin. Ya sunkuya. Matar ta matso daidai kunnensa, ta kumbura murya irin tasa ta da.

"Ido Huɗu, dubi nan. Gyara kafaɗa. Yauwa. Kar ka ƙifta."

Dariya ta so kama shi, ya danne. Yana cikin dannewa ruwan sanyi ya taɓa ido, gilashi ya zauna daram. Likita ta haska, ba kumfa. Na biyun bai ba da wahala ba.

Ya daɗe a sunkuye yana kallon hoton. Sannan ya ɗago. Ya ga agogon bango da lambobinsa, ya ga ɗan tabon biro a aljihun likita. Ya juya ya dubi matarsa. Kafin ya gama juyowa ta riga ta ja mayafi gaba ta mai da fuska wajen taga, wai tana neman wani abu a jaka. Duk da haka ya gani.

Ya karanta haruffan allo har layin ƙasa. Ya cire, ya mayar, ya sake cirewa ya mayar a gaban likita, ta ba shi akwati da ruwan wankewa da gargaɗi mai yawa: kar ya kwana da shi, kar ruwan famfo ya taɓa shi, ya dawo a duba. A mota kuwa ya zama ɗan makaranta. Ba allon da bai karanta da ƙarfi ba, har da na mai faci da na gidan haya. Fasinjoji suna ta murmushi. Matar tana gefe, fuska a taga. Tana jira ya faɗi maganar nan tasa ta kullum ta share shi. Har suka sauka bai faɗa ba.

A ƙofar shago ta tsaya ta ciro makulli ta buɗe da kanta, ta mayar da shi jaka. Warin rufaffen ɗaki ya tarbe su. Ya kunna fitila ya tsaya yana dube-dube. Labulen bango mai zanen matakala da tafki, wanda rabin layin nan suka tsaya a gabansa, ya koɗe, tafkin ya zama toka-toka. Furannin roba sun yi ƙura. Kwat ɗin aro yana nan a ƙusarsa, kafaɗa ta zube. Matajin da aka ɗaure da zare a jikin madubi ya rasa haƙora.

"Haka wurin nan ya koma ba ku faɗa min ba?"

"Wa zai faɗa maka? Kai da kullum kake cewa ba shagon da ya kai naka kyau."

Ya yaye zanen da aka rufe kyamara da shi, ya hure ta, ya goge. Ya jawo kujerar nan mara majingina ya kaɗe ta da hula.

"Zauna."

"In yi me?"

"Hoton farko da sabon ido. Wa zan fara ɗauka in ba ke ba?"

"Ni ban shirya ba. Dubi kayan da ke jikina."

"Zauna, Yarinya."

Ta yi tsaki, amma ta zauna. Ta gyara ɗaurin kai, ta tura furfurar da ta leƙo ciki, ta lashi leɓe, ta miƙe wuya yadda take koya wa mata. Ya kunna manyan fitilu, ya karkata ɗaya, ya sa ido a kyamara ya fara murzawa da hannu. Ya murza gaba, ya dawo baya, ya tsaya. Ya daɗe a haka. Ita kuma ta kafe ido, ba ta ƙifta ba, kamar ranar farko.

Sai ya ɗago a hankali, ya yi ɗan tari. Hannunsa ya tafi aljihun tebur. Murfin gwangwani ya ce ƙwas.

Duk duniya babu wanda ya san wannan ƙarar kamarta.

"Me ka ɗauko?"

"Ba komai. Hasken ne ya yi yawa."

"Hasken ne ya yi yawa." Ta miƙe tsaye. "Ni za ka yi wa tari? Ni da na koya maka tarin?"

"Ba haka ba ne. Haka na saba ganinki shekarun nan, shi ne na ce..."

"Shi ne ka ce a shafa min basilin! Na ja ka asibiti, na shanya riguna, na tsaya a kanka har aka ba ka ido, abin da za ka fara yi da shi ke nan? Ka dube ni ka ga ina bukatar rufin asiri?"

"Yarinya, tsaya mana."

"Yarinyar tana cikin walat ɗinka, Ido Huɗu. Ita ka ɗauka."

Ta buɗe jaka, ta lalubo makullin shagon, ta dangwara shi a kan kujerar da ta tashi. Ta gyara mayafi, ta bi ta gabansa kai a sama. Yana tsaye da gwangwani a hannu, yana ganin komai tar, har da ɗan murmushin da take dannewa a gefen baki, ta fita ta bugo ƙofa, kwat ɗin aro ya zame daga ƙusa ya faɗi.